KAREN MAƘWABCINA DA TARAR NAIRA HAMSIN

Jama'a, rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri da ni. Yau 28 ga Satumba, ranar da duniya ta keɓe don yaƙi da ciwon haukan kare. Da a bara ne, wallahi ko waiwayar wannan rana ba zan yi ba. Abin da ya faru a gidana a watan Afrilun bana ne ya zaunar da ni.

Muna da wani maƙwabci, mutumin kirki ne, ba mu taɓa samun saɓani da shi ba. Ɓarayi suka haura masa gida har sau biyu, sai ya sayo wani ƙaton kare irin na Turawan nan. Aka ɗaure shi da sarƙa a bayan get, a kan siminti, ba rumfa ba inuwa, kun kuwa san zafin Afrilu. In maigidan ya yi tafiya ranar Juma'a sai Litinin, karen na hannun wani yaro mai gadi wanda shi kansa tsoronsa yake ji, daga nesa yake jefa masa ɗan abin da ya samu. Dare da rana muna jin kukansa ta katanga. Na sha hango kwanon ruwansa a kife. Ban taɓa cewa uffan ba. A raina na ce karensa ne, kuɗinsa ya sa ya saya, ina ruwana.

Wata ranar Asabar da yamma sarƙar ta tsinke, ga get a buɗe, ga yara suna dawowa daga Islamiyya. Autarmu mai shekara bakwai ita ya cimma, ya kafa mata haƙori a ƙwauri. Allah Ya taimake mu akwai wata ma'aikaciyar jinya a layinmu, ita ta sa aka yi ta wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15 kafin mu wuce asibiti. Tambayar farko da likita ya yi min ita ce, an yi wa karen rigakafi? Na kira maigidan a waya na ce, "Alhaji, karen nan an yi masa allura kuwa?" Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi Malam, wanda ya sayar min ya ce an yi." Babu kati, babu wata shaida. A ranar aka fara yi wa yarinya allura.

Ko da muka dawo gida, samarin unguwa sun taru da gorori za su kashe shi. Na hana, don likita ya ce a killace shi a sa masa ido kwana 10. A nan ne na fara ganinsa kusa da kusa. Haƙarƙarinsa duk a waje, wuyansa ya yi gyambo inda sarƙa take cinsa.

Washegari na ba wani abokina lauya labari. Ya ce min, "Ai laifi biyu ne a nan. Na farko an yi wa 'yarka jiya. Na biyu an yi wata da watanni ana yi wa karen, kai kuma shaida ne." Wannan magana ta tsaya min a rai, ita ta sa na shiga karanta tarihin dokokin da suka shafi mai dabba. Ga abin da na tsinta.

Tsohuwar tambayar da doka ta fara yi game da dabba ita ce, in ta yi wa wani ɓarna wa zai biya? A dokokin Hammurabi, sarkin Babila a Iraƙi ta yau, kusan shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), an yi hukuncin sa mai tunkuyi. In sa ya soke mutum a hanya haka kawai, ba a taɓa saninsa da wannan hali ba, babu komai a kan mai shi. Amma in an san yana tunkuyi, an gaya wa mai shi, bai rufe ƙahon ba kuma bai ɗaure shi ba, har ya kashe wani, to sai ya biya azurfa. Ma'aunin shi ne sani da sakaci. Lauyan nan ya ce min har gobe kotunanmu suna tambayar irin wannan in kare ya ciji mutum: shin mai shi ya san halinsa?

A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai labarin taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna. Manzon Allah (SAW) ya yi hukunci cewa da rana masu gona ne za su tsare gonarsu, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Kun ga a waɗannan hukunce-hukunce biyu, maƙwabci ake karewa daga dabbarka.

Tambaya ta biyu ta fi wuya: ita dabbar fa, tana da wani haƙƙi a kan mai ita? A nan Musulunci ya yi magana tun ƙarni na bakwai. Dukkanmu mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma ku sake duba laifin da ta yi. Ba a ce ta doke ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Laifinta abin da ta bari ne ba ta yi ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Malaman fiƙihu ba su bar maganar a matsayin wa'azi kawai ba. A Mukhtasar na Shehu Khalil da ake karantawa a zaurukanmu, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita matuƙar babu makiyayar da za ta ci. Izzuddin ɗan Abdussalam, babban malamin da ya zauna a Dimashƙa da Alƙahira, ya rasu a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabba a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam: a ci gaba da ciyar da ita ko ta tsufa ko ta yi ciwon da ba a ƙara amfana da ita, kar a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, kar a haɗa ta da abin da zai cutar da ita, a gyara mata makwanci, in za a yanka a kyautata yankan. Littattafan hisba na da ma sun ɗora wa mai kula da kasuwa aikin hana a yi wa dabbobi lodin da ya wuce kima.

Turawa kuwa sun makara ƙwarai. A Ingila, har farkon ƙarni na 19, dabba kaya ce kamar tebur. In ka raunata dokin wani za a iya kama ka don ka ɓata masa dukiya, in naka ne kuwa ko kashe shi ka yi da duka ba mai tambayarka. Wasan da jama'a ke so a lokacin shi ne a ɗaure bijimi a turke a sako masa karnuka, ana kallo ana caca. A 1800 aka kawo ƙudurin hana wannan wasa a majalisa, ya faɗi. A 1809 Lord Erskine ya kawo na hana zaluntar dabbobi, majalisar dattawa ta amince, ta wakilai ta yi watsi da shi.

Wanda ya ci nasara shi ne Richard Martin, ɗan majalisa mai wakiltar Galway a Ayalan. Marubuta tarihi sun kawo cewa da ana muhawara a 1821, wani ya ce a sa jakuna a cikin dokar, majalisa ta ɓarke da dariya, wani ya ce saura karnuka, wani ya ce har da kyanwoyi, aka yi ta shewa. Martin bai fasa ba. A Yulin 1822 dokarsa ta tabbata: wanda ya zalunci doki, alfadari, jaki, saniya ko tunkiya, tara daga sule 10 zuwa fam 5, in ya kasa biya ɗaurin da zai iya kai wata uku. Babu kare a ciki, babu kyanwa.

Abin da Martin ya gane da wuri shi ne doka ba ta tafiya da ƙafarta. Shi da kansa yake yawo a titunan Landan yana kai masu dukan dawaki kotu. A 1824 shi da wasu suka kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi, wadda ta ɗauki ma'aikata masu zagaya kasuwanni da mayanka suna shigar da ƙara. Sarauniya Biktoriya ta ba ta lambar sarauta a 1840, ita ce RSPCA ta yau. A 1835 aka faɗaɗa dokar, karnuka suka shiga, aka haramta wasan bijimin nan da wuraren faɗan zakaru. Abin da aka yi wa dariya a 1821 ya zama doka cikin shekara 14.

Faransa ta yi tata a 1850, dokar Grammont, amma da wani sharaɗi mai ban mamaki: sai in an yi zaluncin a bainar jama'a. Wato idon mai wucewa ake karewa, in ka ja dabbarka cikin gida ka yi abin da ka ga dama. Sai a 1959 aka cire wannan sharaɗi. Da na karanta wannan sai na tuna katangar da ke tsakanina da maƙwabcina.

Na san abin da wasunku ke faɗa a ransu yanzu, don ni ma na faɗa: mutane ba su ƙoshi ba, ana sace mutane a hanya, wa yake ta kare? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma tarihi ya ba ni amsa biyu. Ta farko, cikin waɗanda suka zauna taron kafa ƙungiyar nan ta 1824 akwai William Wilberforce, mutumin da ya shafe rayuwarsa yana yaƙin hana cinikin bayi. Ta biyu ta faru a birnin New York a 1874. Wata yarinya mai suna Mary Ellen Wilson, 'yar kimanin shekara 10, matar da ke riƙonta tana azabtar da ita a kulle a ɗaki. Wata mai aikin taimako, Etta Wheeler, ta yi ta neman wanda zai shiga maganar, a ƙarshe ta je wurin Henry Bergh, wanda ya kafa ƙungiyar kare dabbobi ta Amurka a 1866. Lauyan ƙungiyarsa, Elbridge Gerry, shi ya kai maganar kotu. Aka ƙwace yarinyar, aka ɗaure matar shekara ɗaya. Daga wannan shari'a ne su Bergh da Gerry suka kafa ƙungiyar hana zaluntar yara ta New York, ta farko irinta a duniya. Masu leƙa katanga don dabba su ne suka leƙa don yarinya. A unguwarmu ma haka abin ya zo, sai dai ta baya: shirun da muka yi wa kare, yarinya ce ta biya.

To mu a Najeriya ina muka tsaya? Mutane da yawa suna zaton ba mu da doka a kan wannan. Muna da ita, ta ma girmi yawancinmu. Kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu, Kiriminal Kod, asalinsa Lugga ne ya kawo shi Arewa a 1904, aka shimfiɗa shi a duk ƙasa a 1916. Sashe na 495 nasa ya bi sawun dokar Ingila ta 1911. Ya haramta dukan dabba, azabtar da ita, yi mata lodi fiye da kima, haɗa ta faɗa, da kuma barin yin abin da ya kamata har ta wahala ba gaira ba dalili. Ya ce mai dabbar da bai sa ido yadda ya kamata ba, ana ɗaukarsa kamar shi ya ba da izinin zaluncin, don haka ba zai ce ai yarona ne ya yi ba. Sassan da ke biye sun ba kotu ikon ƙwace dabbar daga hannunsa. Hukuncin fa? Ɗaurin wata shida, ko tarar naira 50, ko duka biyun. Naira hamsin, jama'a. Yau ko ƙwai ɗaya ba za ta saya maka ba.

Mu a Arewa Final Kod ce tamu, wadda aka zartar a 1959 ta fara aiki a 1960, an ɗauko tsarinta daga ta Sudan, ita kuma daga ta Indiya. Sashe na 207 ya hukunta wanda ya doki dabbar gida da mugunta, ko ya azabtar da ita, ko ya shirya faɗan zakaru ko karon raguna, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tara ko duka. Sashe na 208 ya shafi mai yi wa dabba lodi fiye da kima, da mai sa marar lafiya ko tsohuwa aiki, da mai yin sakaci da ita har ta wahala. Kundin ya kuma hukunta wanda bai tsare dabbarsa ba har ta zama haɗari ga rayuwar mutane. Tun zamanin Turawa kuma akwai dokar karnuka da ta tanadi lasin da matakan daƙile haukan kare.

Shekarata kusan ashirin a aikin gwamnati, na san yadda doka ke kwanciya a fayil ta yi barci. Ku tambayi kanku, kun taɓa jin an gurfanar da wani don ya bar karensa ba ruwa? Kullum muna ganin kaji a rataye kai ƙasa a bayan babur, muna ganin jaki da gyambo a gadon baya an ɗora masa buhuna. Mun samu takardar Richard Martin, ba mu samu masu zagayawa irin nasa ba.

Su kuma can ba su tsaya inda muka kwafo ba. A ƙarƙashin dokar 1911, sai dabba ta riga ta wahala sannan hukuma ta iya shiga. A 2006 Ingila da Wales suka yi sabuwar doka da ta juya tambayar. Maimakon me ka yi mata, sai aka koma me ka tanadar mata. Duk mai dabba an ɗora masa abu biyar: wurin zama da ya dace, abincin da ya dace, damar yin ɗabi'unta na halitta, zama tare da 'yan'uwanta ko nesa da su gwargwadon irinta, da kariya daga ciwo da rauni da cuta. Jami'i na iya ba ka takardar gargaɗi ka gyara kafin a kai ga kotu. In yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ne ke kiwon, uban ko mai riƙonsa doka ke kallo. Kotu na iya hana mutum sake kiwon dabba. A 2021 suka ɗaga hukuncin zalunci mafi tsanani daga wata shida zuwa shekara biyar. Ta ɓangaren maƙwabci kuma, tun 2014 in karenka ya kashe mutum za ka iya shan ɗaurin shekara 14, ko a cikin gidanka abin ya faru. Tun 2016 dole kowane kare a Ingila a sa masa wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, mai nuna ko na wane ne.

Yanzu ku dawo kan hadisin kyanwa. Inda majalisar Ingila ta iso a 2006, wato wanda ya tsare dabba shi ke da alhakin duk abin da ba za ta iya nema wa kanta ba, nan ne aka ajiye mu tun muna 'yan makarantar allo. Shi ya sa ba na yarda in an ce maganar haƙƙin dabba ta Turawa ce. Na san kuma za a ce ai Musulunci bai ƙarfafa ajiye kare ba sai don farauta ko kiwo ko tsaron gona. Haka ne. Amma ko da wane dalili ka ajiye shi, daga ranar da ka sa masa sarƙa cinsa da shansa sun hau wuyanka. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce ta tausayi kawai shi ne ciwon da ake tunawa yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun sun bayyana, kusan babu mai tashi. Alhali tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa yaron farko allurar, ranar rasuwarsa ce ma aka zaɓa ta zama wannan rana. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi, ciwon zai yanke. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take nan tun 1924, tana yin allurar karnuka a nan gida. Kuɗin allurar kare ɗaya bai kama ƙafar abin da muka kashe a kan yarinya ɗaya ba.

Saboda haka ga roƙona. Kai mai kare, ko kyanwa, ko aku, ko tantabaru, ko zomayen da ka saya wa yara: inuwa, ruwa, abinci, likitan dabbobi, da katin rigakafi a ajiye inda za ka iya nunawa. In za ka yi tafiya, ka bar su a hannun wanda zai iya. In ka gaji, ka bayar ga mai so, kar ka kai bayan gari ka yar. 'Yan majalisun jihohinmu, a duba waɗannan sassa a sa tara mai ma'ana, a wajabta rigakafin karnuka, a ba likitocin dabbobi na ƙananan hukumomi ikon bin sawu. Mu kuma maƙwabta, mu daina cewa ina ruwana. Sallama ɗaya da magana mai daɗi ta isa ta gyara abubuwa da yawa kafin a kai ga mai unguwa.

Karen dai ya cika kwana 10 lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Mai unguwa ya zaunar da mu, Alhaji ya ba da haƙuri ya biya kuɗin asibiti, ban kai ƙara ba. Ya kira likitan dabbobi aka yi masa allura aka yi jinyar wuyan, ya sa aka kafa masa rumfar kwano aka kewaye masa wuri, an daina ɗaure shi. Yanzu sai mu kwana ba mu ji kukansa ba. Autarmu ta warke, sai tabo, amma har yau in za ta Islamiyya ta ɗaya gefen titi take bi.

Ranar sulhun, da Alhaji ya gama ba ni haƙuri, na ce masa, "Alhaji, ni ma ka yafe min. Na fi wata uku ina ganin kwanon nan a kife, ban taɓa ƙwanƙwasa maka ƙofa ba."

Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ke ƙarƙashinmu, mai baki da marar baki. Amin.